Yadda Ake Sabawa da Keken Lantarki: Giya, Taimakon Inji da Birki

Tun da aka janye tallafin man fetur a ƙarshen watan Mayun 2023, kuɗin kabu-kabu a Birnin Kebbi ya zama abin da mai ƙaramin albashi yake lissafawa kafin ya fita daga gida. Wannan ne ya kai ni ga sayen keken lantarki, kuma har yau shi ne abin hawana zuwa wurin aiki, zuwa kasuwa, da zuwa gonar shinkafa a fadama. A tsakanin nan na koya wa mutane da dama hawansa: ƙannena, abokan aiki, har da wani dattijo maƙwabcinmu da ya yi shekaru aru-aru a kan tsohon Raleigh ɗinsa. Abin da na lura shi ne, wanda ya iya keke sosai ya fi saurin faɗuwa a ranar farko, domin yana ganin babu sauran abin da za a nuna masa.

Abu guda nake so ka riƙe tun daga nan. A keken lantarki akwai abubuwa biyu da ake ƙarawa ana ragewa, kuma sabon shiga yakan ɗauke su abu ɗaya. Akwai giya, akwai lambar taimako. Giya ta ƙafarka ce, ita ke sa feda ta yi nauyi ko ta yi sauƙi. Lamba kuwa ta batir ce, ita ke gaya wa inji yawan ƙarfin da zai ƙara maka. Ranar da hannunka ya rarrabe su ba tare da ka tsaya tunani ba, ranar ka iya keken.

Kayan da za ka tanada

Keken da batirinsa a cike, da cajarsa ta asali wadda aka sayar maka tare da shi. Hular kwano, ko irin ta 'yan babur ce ta wadatar, in dai tana da maɗauri a haɓa. Takalmi mai rufe ƙafa, ban da silifas, domin yana zamewa daga kan feda. Famfon iska, in da hali mai agogo. Alanki mai lamba 4, 5 da 6, da sifana ta ɗaure sirdi. Tsumma da man sarƙa. Sai ɗan zare ko roba na ɗaure ƙafar wando ta dama, wato ɓangaren da sarƙa take.

Batun sutura ba ƙaramin abu ba ne a wurinmu. Babbar riga, jallabiya da dogon hijabi duk suna iya shiga tsakanin sarƙa da haƙora ko su naɗe a tayar baya, kuma inji ba ya jin an kama shi kamar yadda ƙafa take ji ta tsaya. A ranakun koyo ka sa 'yar shara da wando. Daga baya in dole ne ka fita da manyan kaya, ka tattare su ka zauna a kai.

Na ƙarshe shi ne fili. Ka nemi wuri mai tauri, shimfiɗaɗɗe, babu mota: filin makarantar firamare bayan an tashi, ko gefen filin idi inda ƙasa ta daddale. Ka guji rairayi. In babu fili kusa, layin unguwa bayan sallar asuba ya isa, kafin yara su fito.

Ka fara sanin irin kekenka

Duba inda injin yake. In ka ga cibiyar tayar baya ta yi kauri kamar ƙaramar tukunya, waya tana fitowa daga gefenta, injin a taya yake. Mafi yawan waɗanda ake kawowa daga Sin haka suke. In kuwa kaurin yana ƙasa, tsakanin fedoji biyu, injin tsakiya ne, kuma shi ta sarƙa yake jan keken, don haka giyar da ka sa ta shafe shi kai tsaye.

Sai ka san yadda injin yake gane kana tuƙi. Masu sauƙin kuɗi suna da wani ɗan faifai a gindin feda mai ɗauke da ƙananan maganaɗisu. Da feda ta juya, faifan ya juya, inji ya tashi, ko kana takawa da ƙarfi ko kana lilo da ƙafa kawai. Masu tsada suna auna nauyin takunka ne, in ka danna da ƙarfi su ba ka da yawa, in ka sassauta su sassauta. Bayanin da zan yi ya fi karkata ga na farkon, domin shi ne a hannun yawancinmu, kuma shi ne mai zabura.

Akwai kuma wani iri da ya yi yawa a gari, mai kama da ƙaramin babur, da faffaɗan wurin zama da feda 'yar ƙarama. Maɓallinsa mai 1, 2, 3 mutane suna ce masa giya, amma ba giya ba ce, iyakar gudu ce kawai. In irin wannan ne naka, ka tsallake mataki na 3, sauran duk sun shafe ka.

1. Daidaita keken kafin ka hau

Sauke sirdi yadda in ka zauna tafin ƙafarka zai taɓa ƙasa sosai. Wannan na kwanakin koyo ne kawai. Bayan mako guda ka ɗaga shi har gwiwarka ta kusa miƙewa in feda tana can ƙasa, in ba haka ba gwiwa za ta yi ciwo. Iskar taya a rubuce take a jikin tayar, ka bi abin da aka rubuta. Taya mai laushi tana shan batir kuma tana saurin faci.

Daga nan ka matse birkin dama ka tura keken, ka ga wace taya ta tsaya. Ka yi haka da na hagu. Kada ka ɗauka ka sani. A babur hannun dama na gaba ne, amma a kekuna ya danganta da ƙasar da aka yi wa keken: wasu dama gaba ne, wasu dama baya ne. Mai babur da ya hau keken da aka juya masa birki yana iya matse wanda bai nufa ba a lokacin da ba a son kuskure.

2. Ja shi da hannu, a kashe

Keken gida da muka sani bai kai nauyin wannan ba. Na lantarki yakan kai kilo 20 zuwa 30, mai batirin dalmar nan irin na mota ma ya fi haka. Ka ja shi ka zagaya fili, ka karkata shi dama da hagu ka ji inda nauyin yake rinjaya, ka ɗora shi a kan ƙafarsa ka sauke. Minti biyar sun isa. In batirin a kan kariya yake, za ka ji bayan yana son kwantawa in ka karkata, ka san da wannan tun yanzu.

3. Hau shi a kashe, ka koyi giya

Nan ne mutane suke ƙosawa. An sayi keken lantarki, a ce a tuƙa shi da ƙafa? E, na kwana ɗaya ko biyu. In allon kekenka yana da lamba 0, kunna shi ka bar shi a 0, ka samu ganin gudunka ba tare da inji ya sa baki ba.

Leƙa tayar baya. Za ka ga fayafai masu haƙora a jere, galibi guda 7, irin na Shimano. Babban da ke kusa da taya shi ne giya ta 1, sau da yawa haƙoransa 28. Ƙaramin da ke waje shi ne ta 7, mai haƙora 14. In sarƙa tana kan babba, feda tana da sauƙi amma tafiya kaɗan ce, wannan ta tashi ce da hawan tudu. In tana kan ƙarami, feda tana da nauyi amma kowane juyi yana cin ƙasa mai yawa, wannan ta miƙaƙƙen titi ce.

Dokokin canza ta uku ne, kuma duk wanda na gani ya lalata sarƙa ɗaya daga ciki ya karya. Na farko, ba a canza wannan irin giya a tsaye. Sai feda tana juyawa gaba sarƙa take iya hawa wani faifan. Na biyu, a daidai lokacin da ka danna, ka sassauta ƙafa, feda ta ci gaba da juyawa amma ba da ƙarfi ba, har ka ji ƙas, sannan ka ci gaba da takawa. In ka ji ƙara kamar ana tauna tsakuwa, ka danna da nauyi a kan feda ne. Na uku, ɗaya bayan ɗaya. Kada ka tsallaka daga 7 zuwa 2 a murɗa guda.

Yi wannan atisayen: tashi a giya ta 2, ka hau zuwa 3, 4, 5 kana tafiya, sannan kafin ka isa ƙarshen fili ka sauko 4, 3, 2, ka tsaya. Maimaita har sau goma. Abin da kake koya wa hannunka shi ne saukowa kafin tsayawa. Wanda ya tsaya a giya ta 7 a mahaɗar titi, in aka ba da hannu zai tsinci kansa yana kokawa da feda mai nauyin dutse, motoci na masa oda a baya.

In ka riga ka tsaya a babbar giya, kada ka tilasta. Sauka, ka danna giyar, ka ɗaga tayar baya ka juya feda da hannu har sarƙa ta koma. In kuwa kekenka mai giyar cikin cibiya ne, wadda ba a ganin haƙoranta, ita ana canza ta a tsaye ba matsala.

Wane sauri ya kamata ƙafa ta riƙa juyawa? Wajen juyi 60 zuwa 80 a minti, wato juyi ɗaya ko fiye kaɗan a kowace daƙiƙa. In ƙafarka tana nauyi kamar mai taka laka, sauko da giya. In tana wulwulawa har kana tsalle a kan sirdi, ƙara.

4. Kunna inji a lamba 1

Ga tsarin, kuma ina so ya zame maka al'ada har abada: hau keken tukuna, ƙafa biyu a ƙasa, matse birki, sannan ka kunna. Yawancin kekunan nan suna da 'yar waya a hannun birki wadda take yanke wutar inji da zarar ka matsa. Muddin yatsunka suna kan birki, keken ba zai tafi ko'ina ba. Duba allo, inda aka rubuta PAS ko aka nuna lamba, ka danna alamar ragewa har ta dawo 1. Wasu kekunan suna tashi a lambar da aka kashe su, don haka kada ka yarda da jiya.

Giya ta 2, saki birki, taka feda a hankali. Ba abin da zai faru nan take. Sai feda ta yi kamar rabin juyi ko juyi guda, sannan ka ji kamar wani ya dafa bayanka ya tura. Wannan jinkirin shi ne abu na farko da za ka saba da shi. Na biyu ya fi shi muhimmanci: in ka daina taka feda, inji ba ya ɗaukewa nan take, yakan ƙara tura ka na ɗan lokaci, abin da bai kai daƙiƙa ɗaya ba ko ya kai. A fili wannan ba komai ba ne. A bakin kwata ko bayan mota, shi ne bambancin tsayawa da karo.

Dattijon nan maƙwabcinmu, ranar da ya karɓi keken ya gwada, na ce masa, "Baba, a riƙe birki tukuna, bari in rage lambar." Ya ce, "Yaro, tun ba a haihe ka ba nike bisa keke." Keken yana lamba 5. Ya ɗora ƙafar hagu a feda ya tura da ta dama irin hawan da, na gurgura keke kafin a wurga ƙafa. Feda ta juya, injin ya tashi, keken ya fizge daga ƙarƙashinsa yana riƙe da kai, ya bi shi taku uku kafin ya saki. Allah ya tsare, gwiwa kawai ya ɗan goge. Da ya miƙe ya kakkaɓe rigarsa sai ya ce, "Wanga ai doki na, ba keke ba." Na ga gaskiyarsa, kuma tun ranar nake gaya wa kowa: wannan hawan na gurgurawa ka bar shi gaba ɗaya. Bayan mako biyu da kansa yake zuwa masallacin Juma'a a kai.

A lamba 1 ka yi ta tashi da tsayawa. Sannan ka ajiye duwatsu biyu da tazarar taku goma, ka riƙa zagaya su kana shiga tsakaninsu. A nan za ka gane haɗarin kwana: in ka taka feda a tsakiyar matsattsiyar kwana, inji zai tura ka waje. Maganinsa, ka rage gudu kafin kwanar, ka daina takawa, fedar da ke ɓangaren da kake karkata ta kasance a sama don kada ta daki ƙasa, yatsa ɗaya yana ɗan taɓa birki. Sai kan keken ya miƙe ka ci gaba da tuƙi. In za ka yi juyawar komawa baya a ƙaramin layi, mayar da lamba 0 ko 1.

Kwana biyu a lamba 1 da 2. Lamba 3 sai rana ta uku.

5. Koyi tsayawa da gaske

Keke mai nauyi da ke gudun kilomita 25 a awa yana buƙatar fili mai tsawo kafin ya tsaya, fiye da yadda jikinka ya saba. Ja layi a ƙasa, ka taho da gudu matsakaici, ka yi ƙoƙarin tsayawa a kansa. Birki biyu tare, a matse a hankali ana ƙarawa, ba a cafke ba, kana tura jikinka baya a kan sirdi. Na gaba shi ya fi ƙarfin tsayarwa, amma in ka cafke shi shi kaɗai, musamman a kan yashi ko tsakuwa, tayar gaba za ta zame ko keken ya tuntsura da kai. A kan burji da rairayi ka fi dogara da na baya.

6. Haɗa giya da lamba

Yanzu aka zo wurin. Ka fara zaɓen lamba gwargwadon hanya da sauran batir, sannan ka yi ta wasa da giya don ƙafarka ta zauna a juyin nan da muka ce. Lamba ba a cika taɓa ta ba. Giya kuwa kullum hannu yana kanta.

Kuskuren da ya fi yawa shi ne a bar giya a 7 dindindin, a mayar da lamba ita ce giya: in an ji nauyi a ƙara lamba, in an ji gudu a rage. Keken zai tafi, amma duk tashi inji ne yake ɗaukar nauyin shi kaɗai, kuma a tashi ne ya fi zuƙar wuta. Batirin da ya kamata ya kai ka Kalgo ya dawo da kai sai ya bar ka a hanya, ƙaramin faifan giyar nan kuma ya cinye kafin sauran. Kuskure na biyu kishiyarsa ne: lamba 5 da giya ta 2. Inji ya riga ƙafarka gudu, feda tana juyawa fayau babu abin da take ja. In ka ji haka, ƙara giya har ka ji ƙafarka ta kama wani abu, ko ka rage lamba.

Ga yadda nake yi. A cikin gari, lamba 2, giya tsakanin 3 da 5. A miƙaƙƙen titi irin hanyar Ambursa ko ta Jega in babu cunkoso, lamba 3, giya 6 ko 7. In iskar hunturu tana bugo ni ta gaba, ina sauko da giya ɗaya maimakon in ƙara lamba. Lamba 4 da 5 na ajiye su don tudu da kaya.

Tudu yana son shiri, tun ran gini tun ran zane. In na taso daga fadama ta wajen Dukku da buhu a kariya, tun kafin hawan ya fara nake saukowa giya ta 3, in ƙara lamba zuwa 4, in shiga da ɗan gudu. In ya ƙara tsauri in sauko 2, in sauko 1. Wanda ya bari sai ya kai tsakiyar tudu feda ta ƙage sannan ya nemi canzawa, a nan sarƙa take tsinkewa ko ta faɗo. Ga mai injin tsakiya wannan ya fi tsanani, domin ƙarfinka da na inji duk a kan sarƙar suke. Ka ɗan dakata da feda inji ya yi shiru, ka danna, ka juya a hankali. Ga mai inji a taya matsalar daban ce: injin ba ya son tafiyar hawainiya a ƙarƙashin nauyi. In gudu ya faɗi ƙasa sosai kana jin yana gurnani, wutar da yake sha zafi take zama. Taimaka masa da ƙafa, in abin ya ƙi ka sauka ka tura. Kekuna da yawa in ka danne alamar ragewa ka riƙe, suna tafiya da kansu a gudun mai tafiya a ƙasa, wajen kilomita 6 a awa, don irin wannan turin aka yi shi.

Rairayi kuma, wanda ba ya ƙarewa a layukan unguwanninmu: ƙaramar giya, lamba 2, jiki a baya, kada ka ƙanƙame kan keken, kada ka yi kwana mai kaifi, kada ka daina taka feda. Babbar lamba a cikin yashi tana sa tayar baya ta yi ta haƙa rami. In yashin ya yi zurfi, sauka.

7. Totur

Ba kowane keke ke da shi ba. In naka yana da shi, na murɗawa ko na dannawa da babban yatsa, ka bar shi sai ka ƙware a sauran. Amfaninsa na gaskiya shi ne tashi a wuri mai wuya, kamar a kan tudu ko da kaya: ɗan murɗa kaɗan keken ya motsa, ƙafa ta karɓa, ka saki. Tafiya da totur zalla tana cinye batir da sauri ƙwarai. Kuma in kana jan keken da hannu, ko yara suna kusa da shi, kashe shi. Hannu yana murɗa totur ba da niyya ba, yaro kuwa abin da zai fara kamawa ke nan.

8. Shiga titi

Fara da safiyar Asabar ko Lahadi, a hanyar da ka sani. Abu biyu ne sababbi. Kekenka ba ya ƙara, don haka mai tafiya a ƙasa, yaro, akuya, da mai amalanke ba su san kana tafe ba. Ƙararrawa ta zama bakinka, ka buga tun daga nesa. Sannan direba da ɗan kabu-kabu in sun hango keke suna auna shi da gudun keken da suka sani, sai su shigo gabanka suna zaton da saura. A kowace mahaɗa da shataletale ka ɗauka ba a gan ka ba, ka rage lamba, yatsu a kan birki. Ka bi hannunka na dama, ka bar tazara tsakaninka da motocin da aka ajiye saboda buɗe ƙofa, ka kunna fitila tun magariba. Goyo kuma ka jinkirta shi sai bayan wata guda, in ma kariyar an yi ta don ɗaukar mutum.

9. Batir: karanta shi da cajinsa

A jikin batir akwai lambobi biyu, misali 36V da 10Ah. Ninka su, ka samu 360, wannan shi ne girman tankinka. Mai 48V da 13Ah yana da 624. Nisan da zai kai ka ya danganta da nauyinka, iska, tudu da lambar da kake bi, don haka kada ka dogara da abin da mai shago ya faɗa. Cika shi, ka yi zirga-zirgar kusa da gida kana duba kilomita a allo har sandunan da ke nuna cajin batir a allon su koma saura ɗaya. Abin da ka samu shi ne gaskiyar kekenka. Za ka ga sandunan suna faɗuwa a kan tudu su dawo in ka sauka. Wannan ba lalacewa ba ce, ka karanta su lokacin da kake tafiya a shimfiɗe.

Zafi shi ne babban abokin gabar batirin litiyam, mu kuwa daga Maris zuwa Mayu zafinmu yana haura digiri 40. Kada ka bar keken a rana tsaka. In babu inuwa, cire batirin ka shiga da shi. In ka dawo daga tafiya, bar shi ya huce kamar rabin awa kafin ka sa caji. A yi cajin a kan siminti, a inuwa, wurin da iska ke shiga, nesa da katifa, labule da galan ɗin fetur, kuma ba a bakin ƙofar ɗakin da ake kwana ba. In fitilar caja ta koma kore, cire. Caja mai 2A tana cika batir mai 10Ah cikin awa 5 zuwa 6.

Kada ka ari caja don kawai bakinta ya shiga. Batir mai 36V cajarsa 42V take fitarwa, mai 48V na litiyam kuma 54.6V. In aka sa ta biyun a na farkon, gobara ake nema. Batirin da ya kumbura, ya fashe, ko yake wari, a fitar da shi waje, kada a sake sa masa wuta.

In wutar NEPA ba ta samuwa, cajar ba ta da ci sosai, irin mai 42V da 2A wajen wat 100 take ja, don haka ƙaramin inbata na sola yana ɗaukarta, janareta ma haka in wutarsa a daidaite take. In an ɗauke wuta kana caji, zare filogi, kada ta dawo da ƙarfi ta same shi. In za ka ajiye keken na makonni, bar batirin litiyam a wajen rabi. Mai batirin dalma kuwa akasin haka ne, shi a cike yake so a ajiye shi, kuma a riƙa sa masa caji bayan kowace fita.

In an samu matsala a hanya

Ƙaya da tsidau ba sa barin mai keke a ƙasar nan, faci dole ne. In tayar baya ce mai inji, ka tsaya a kan mai faci. Yawanci ana iya zaro tib ta gefe a liƙe ba tare da an kwance tayar ba, kuma hakan ya fi. In dole sai an kwance, a kashe keken, a raba wayar injin a mahaɗarta a hankali, a lura da yadda wasoshin gindin suke jere don a mayar da su daidai, a ɗaure da kyau. Ka ce masa, "Malam, don Allah kada a ja wayar nan, kada kuma a kwantar da keken a kanta." Wayar da ta tsinke a bakin cibiya gyaranta ya fi faci tsada nesa ba kusa ba.

In inji ya ƙi tashi alhali allo yana kunne, fara duba hannun birki, wataƙila ɗaya bai koma wurinsa ba, yana ta yanke wuta. Sannan ka duba faifan maganaɗisun nan na gindin feda, ko ya goce ko laka ta rufe shi. Waɗannan biyun su ne mafi yawan abin da ake kai wa mai gyara a banza.

Da damina, yayyafi ba ya hana tafiya, amma ruwan da zai kai cibiyar taya ko gindin batir kada ka shiga, ka zagaya ko ka jira ya janye. Kada a wanke keken da injin feshin masu wankin mota, tsumma mai laima ya isa. Da hunturu kuma ƙura tana haɗuwa da mai ta zama kamar dutsen wasa wuƙa a kan sarƙa. Duk mako ka goge ta, ka ɗiga mai kaɗan, ka sake gogewa har ta kusa bushewa. Baƙin man mota ba na nan ba ne, kuma kada ɗigo ɗaya ya taɓa faifan birki.

In batir ya ƙare maka a hanya, kashe allo, sauko giya ta 2 ko ta 3, ka tuƙa shi gida a hankali kamar yadda ka yi a filin makaranta ranar farko. Da ka isa ka bar shi ya huce, ka sa masa caji a ranar, kada ya kwana biyu babu wuta a cikinsa.